Kifi Na Ganinka, Mai Jar Koma

Tsakanin watan Maris da na Yunin 2020, kamfanin SolarWinds na jihar Texas ta Amurka ya aika wa abokan cinikinsa sabon zubin manhajarsa mai suna Orion, wadda manyan ma'aikatu ke amfani da ita wajen sa ido kan dubban kwamfutocinsu. Kimanin abokan ciniki 18,000 suka sauke ta, har da Ma'aikatar Kuɗi da ta Kasuwanci ta gwamnatin Amurka. Manhajar ta zo ɗauke da hatimin kamfanin na gaskiya, ta ratsa ta gaban masu gadin lantarki ɗaya bayan ɗaya babu wanda ya ce mata kanzil. A cikinta kuwa akwai baƙon da ba a gayyata ba, wanda daga baya aka raɗa wa suna SUNBURST.

Halin wannan baƙo shi ne abin lura. Idan ya sauka a kwamfuta ba ya motsi sai ya yi kwana 12 zuwa 14 a kwance. Bayan nan sai ya ɗaga kai ya duba ko kwamfutar tana cikin jerin na'urorin wata ma'aikata ta gaske, sa'annan ya bi sunayen manhajojin da ke aiki a lokacin ya gwada su da wani jeri da ya zo da shi. Idan ya hango kayan aikin masu bincike, irin su Wireshark, sai ya koma ya kwanta ya jira wata rana. Sai ya tabbatar babu ido a kansa yake buɗe baki ya kira iyayen gidansa. Haka ya shafe watanni a cikin ma'aikatun ƙasar da ta kashe biliyoyin daloli kan tsarin gadinta mai suna EINSTEIN, tsarin da bai taɓa yin ko tari a kansa ba.

A ofisoshi da yawa na duniya akwai allon da ke nuna koren haske da rubutun cewa ba a ga wata illa ba. Shugabanni kan kalli wannan haske su yi barci har da minshari, kamfanonin da ke sayar da shi kuma sun fi kowa son a ci gaba da wannan barci. Kallon kitse ake yi wa rogo. Abin da koren hasken ke faɗa kawai shi ne manhajar ta nuna ladabi a lokacin da ake kallonta, kuma muguwar manhaja ta daɗe da koyon gane lokacin da ake kallonta.

Gane yadda hakan ke faruwa yana bukatar a san abin da masana ke kira shelkod. Kowace manhaja tana ware wa saƙon da za a turo mata wani ɗan fili a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Idan mai rubuta ta ya yi sakaci bai auna tsawon saƙon ba, mai kutse na iya turo abin da ya fi filin girma, rarar ta malale zuwa inda kwamfutar ke ajiye adireshin umarnin da za ta bi a gaba. Da haka sai akalar ta koma hannunsa. Amma riƙe akala bai isa ba, dole ya kasance akwai inda za a ja raƙumin. Ɗan guntun umarnin da ake cusawa tare da saƙon domin kwamfutar ta aiwatar da shi, shi ne shelkod. Ya samo sunansa daga shel, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, domin aikin na farko-farkonsa shi ne buɗe wa mai kutse wannan taga. Yawanci ɗan mitsitsi ne, wani bai wuce baiti gomiya kaɗan ba, kuma sau da yawa ba ya zama fayil a kan faifai balle a ɗauko shi a duba. A cikin ƙwaƙwalwar wata manhaja mai mutunci yake rayuwa, da sunanta yake aiki.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tsutsar da Robert Tappan Morris ya saki ranar 2 ga Nuwamban 1988, wadda ta durƙusar da dubban kwamfutoci a lokacin da intanet ke jaririya, ta yi amfani da irin wannan malala a ɗaya daga cikin hanyoyin shigarta. Tun a wancan lokacin ma ta san ɓuya: ta canja sunanta zuwa na wata manhaja da aka saba gani, ta hautsina rubutun da ke cikinta don kada a karanta, ta kuma hana kwamfutar ajiye hoton ƙwaƙwalwarta idan ta faɗi, domin kada masu bincike su sami gawar da za su feɗe. A Nuwamban 1996 wani mai laƙabin Aleph One ya wallafa cikakken bayanin malalar a fitowa ta 49 ta mujallar Phrack, abin ya zama darasin da kowane ɗalibin fannin ke farawa da shi. Saboda haka duk mai sayar da kayan tsaro da zai nuna mamaki a yau cewa muguwar manhaja na ɓuya, ko dai bai san sana'arsa ba ko kuma yana raina hankalin mai saye.

Mai gadi na farko da shelkod ke cin karo da shi shi ne manhajar riga-kafi, wadda a asalinta take aiki kamar ɗan sandan da aka ba hotunan ɓarayi: tana neman jerin baitin da aka taɓa gani a wani hari. Maganin wannan ɗan sanda shi ne sauya kama. Akan hautsina shelkod ɗin da wani mabuɗi, a liƙa masa ɗan kai wanda zai warware shi sai bayan ya shiga ƙwaƙwalwa, kowane zubi kuma da nasa mabuɗin da nasa fasalin kan. Kundin Metasploit, wanda H. D. Moore ya fara a 2003 domin masu gwajin tsaro, yana da irin wannan mahautsini da aka sa wa suna da Japananci, shikata ga nai, ma'ana babu yadda za a yi. Sunan kansa shaguɓe ne ga masu riga-kafin.

Mai gadi na biyu ya fi hankali, domin mutum ne riƙe da kayan aiki. Mai bincike kan sa manhajar da ake zargi a ƙarƙashin mabiyin sawu, wato manhajar da ke ba shi damar tafiyar da wata manhaja taki ɗaya-ɗaya, ya tsayar da ita inda ya ga dama, ya leƙa abin da ke hannunta. A nan ne wasan ya fi armashi, domin mabiyin sawu ba ya iya kallo ba tare da ya taɓa ba. A tsarin Windows, idan ana bin sawun manhaja, akwai wata 'yar tuta da ake ɗagawa a cikin bayanan da tsarin ke ajiyewa game da ita. Microsoft da kansa ya tanadi hanyar tambayar halin tutar, mai suna IsDebuggerPresent, domin amfanin masu rubuta manhaja na halal, kuma babu abin da ya hana mugu yin tambayar. Idan mai bincike ya sauke tutar da hannunsa, akwai sauran alamu. Domin ya tsayar da manhaja a wani wuri, mabiyin sawu kan cire baiti ɗaya daga jikinta ya maye gurbinsa da umarnin tsayawa. Manhajar da ta san nauyin kanta za ta iya ƙirga baitocinta ta ga an taɓa ta, kamar matar da ta dawo daga unguwa ta tarar an gusar da murfin tukunyarta. Akwai kuma agogo. Furosesa tana ƙirga bugunta, kuma takin da take gamawa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa yakan ɗauki daƙiƙoƙi idan ɗan Adam ne ke latsa maɓalli yana karantawa. Duba agogo sau biyu ya ishe ta gane cewa akwai mai numfashi a bayanta.

Abin da take yi bayan ta gane shi ne ya fi cutarwa. Wadda ba ta da wayo takan mutu nan take, mutuwar kuwa ita kanta alama ce ga mai bincike mai kaifin ido. Mai wayo ba ta mutuwa. Takan kauce zuwa wata hanya ta daban, ta yi wani ɗan lissafi marar laifi, ta buɗe wata takarda ta gaske, ta rufe cikin mutunci. Mai bincike ya ga komai da idonsa, ya rubuta abin da ya gani da gaskiyarsa, rahotonsa kuma ƙarya ne.

Da yake masu bincike ba su da yawa, fayilolin da ake zargi kuwa suna kwarara ba dare ba rana, sai aka ƙirƙiro mai gadi na uku: ɗakin gwaji. Kwamfutar kwaikwayo ce da ake ginawa a cikin wata kwamfutar, a jefa fayil a ciki, a bar shi ya yi abin da zai yi na 'yan mintoci, na'ura ta rubuta rahoto ba tare da sa hannun mutum ba. Wannan shi ne kayan da aka fi tallatawa ga manyan ma'aikatu, shi ne kuma ya fi kama da duba-gari mai aiko da sanarwar ranar zuwansa. Kowa ya san yadda gida ke zama a irin wannan rana: an wanke randa, an share tsakar gida, an kore kaji. A 2004 mai bincike 'yar ƙasar Polan, Joanna Rutkowska, ta wallafa wata 'yar gajeriyar manhaja mai suna Red Pill wadda da umarni ɗaya na furosesa take nuna ko tana cikin kwamfutar kwaikwayo. An toshe wannan kafa, wasu suka buɗe, domin ɗakin gwaji ɗaki ne da ba a taɓa kwana a cikinsa ba, kuma yana da warin hakan. Faifansa ƙarami ne, babu tarihin shafukan da aka ziyarta, babu takardun da aka buɗe jiya, linzamin kwamfutar ba ya motsi. A 2012 an gano wata muguwar manhaja da ba ta fara aiki sai an latsa linzami an saki. A 2016 an gano wata da ke ɓoye a takardar Word, wadda ke ƙirga takardun da aka buɗe kwanan nan, idan ta ga ba su taka kara sun karya ba sai ta yi shiru. Mafi arhar dabarar ita ce haƙuri. Ɗakin gwaji yana da dogon layin fayiloli a ƙofarsa, ba zai jira kowa fiye da mintoci ba, wanda ya iya barcin mako biyu kamar SUNBURST ya riga ya ci jarrabawa.

Masu kera motoci ma sun san wannan karatu. A Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tuhumi Volkswagen da sa wa motocinsa masu shan dizal manhajar da ke gane lokacin da motar take kan injin gwaji, ta rage hayaƙi, sa'annan a kan titi ta saki gubar da ta ninka haddin doka har sau 40. Kamfanin ya amsa cewa motoci kimanin miliyan 11 abin ya shafa. Shekaru motocin suka yi suna cin jarrabawa, asirinsu bai tonu ba sai da masu bincike na Jami'ar West Virginia suka ɗaura musu ma'auni suka hau titi da su. Duniya ta kira wannan zamba, ta kuma yarda cewa takardar shaidar gwajin ba ta da wata daraja. Abin mamaki shi ne mutanen da suka fahimci wannan game da mota su ne ke karɓar takardar ɗakin gwajin kwamfuta hannu bibbiyu.

Masu talla za su ce ai ana gyarawa. Gaskiya ne ana gyarawa: ana sa linzamin ƙarya ya riƙa yawo, ana zuba takardun ƙarya, ana tura agogo gaba don a yaudari mai barci, mugun kuma ya koyi gane agogon da aka tura. Sai dai akwai iyakar da gyara ba ya tsallakewa, kuma an san da ita tun 1984, lokacin da Fred Cohen ya nuna da hujjar lissafi cewa ba za a taɓa rubuta manhajar da za ta gane kowace ƙwayar cutar kwamfuta ba tare da kuskure ba. Hujjar tasa mai sauƙin fahimta ce. A ɗauka an sami irin wannan alƙali da ba ya kuskure. Sai a rubuta manhajar da za ta fara tambayar alƙalin hukuncinsa a kanta: idan ya ce muguwa ce sai ta zauna lafiya, idan ya ce mai kirki ce sai ta yi ɓarna. Duk hukuncin da ya yanke ya zama kuskure. Abin da Cohen ya rubuta a matsayin misalin tunani, masu kutse sun mayar da shi kasuwanci. Shafin VirusTotal, wanda aka kafa a Sifaniya a 2004 kuma Google ya saya a 2012, yana gwada fayil da manhajojin riga-kafi gomiya da dama domin amfanin masu tsaro. Ɓarayi suka gina nasu kwatankwacinsa da ba ya kai rahoto ga kowa. Ɗaya daga cikinsu, Scan4You, ya yi shekaru yana karɓar kuɗi daga masu rubuta muguwar manhaja domin su gwada hajarsu su gyara har sai ta fito fes, kafin wata kotun Amurka ta yanke wa mai shi, Ruslans Bondars, ɗaurin shekara 14 a 2018. Koren hasken da shugaban ma'aikata ke gani, ɓarawon ya riga shi ganinsa, da shi ma ya san hajarsa ta nuna.

Kamfanonin sun san haka sarai. A Mayun 2014 wani babban jami'in Symantec, Brian Dye, ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa riga-kafi ya mutu, ya kuma kiyasta cewa kashi 45 cikin 100 na hare-hare kawai yake kamawa. Ba a daina sayar da shi ba, suna aka sauya masa. Da aka shiga yayin ƙirƙirarriyar basira sai aka ce yanzu kam magana ta ƙare, na'ura ta koyi gane mugu daga ɗabi'arsa. A 2019 masu bincike na kamfanin Skylight Cyber a Ostireliya suka nuna cewa manhajar Cylance, wadda aka fi yi wa wannan kirari, tana da rauni ga wani wasan kwamfuta: idan aka kwaso rubutun da ke cikin wasan aka liƙa a wutsiyar sananniyar muguwar manhaja, sai ta ce mai kirki ce.

Adalci ne a faɗi cewa kayan nan ba banza ba ne. Suna tare tarkacen hare-haren yau da kullum, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba, kuma wanda ya cire su don jin haushi ya yi gudun gara ya faɗa zago. Wani lokacin ma tsoron ɗakin gwaji kan zama ajalin mugun. Ranar 12 ga Mayun 2017 WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150 ta wata ɓaraka da Microsoft ya riga ya fitar da facinta tun watan Maris, ta sa asibitocin Ingila soke ganin likita kusan 19,000. Kafin ta fara ɓarna takan gwada kiran wani dogon adireshin intanet da ba kowa ya mallaka ba, idan aka amsa sai ta tsaya. Marcus Hutchins, matashi ɗan shekara 22, ya yi wa adireshin rajista da kuɗin da bai kai dala 11 ba, yaɗuwar ta lafa. Fassarar da shi kansa ya bayar ita ce mai yiwuwa dabarar gane ɗakin gwaji ce da aka yi ba tunani, tun da wasu ɗakunan kan amsa kowane adireshi aka kira. Da rajistar nan ya sa duniya gaba ɗaya ta yi kama da ɗakin gwaji a idon manhajar. Amma a lura: mutum ne ya karanta, ya ga adireshin, ya yi tunani.

Laifin da ya kamata a ɗora wa shugabannin ma'aikatu shi ne sun ɗauki akwati a matsayin madadin wannan mutum. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Akwati yana da rasit, yana da hoton da za a nuna wa hukumar gudanarwa, yana cike gurbi a takardar mai binciken ƙa'ida, idan an yi kutse kuma akwai wanda za a nuna wa yatsa. Mai bincike kuwa albashi yake ci kowane wata, kuma sakamakon aikinsa mafi kyau shi ne a wayi gari babu labari. A 2013 kantunan Target na Amurka suna da sabon tsarin FireEye mai tsada, tsarin ya yi ƙara lokacin da masu kutse suka shigo, ba a ɗauki mataki ba, bayanan katuna kimanin miliyan 40 suka salwanta. Inda akwatin ya yi shiru an yarda da shi, inda ya yi ihu an yi kunnen uwar shegu. Bankuna da ma'aikatun Abuja da Kano da Yamai suna aiki da irin waɗannan kwamfutoci, kuma irin waɗannan akwatuna ake yi musu talla.

Ba na'ura ce ta gano SUNBURST ba. A ƙarshen 2020 wani ma'aikacin tsaro a FireEye, kamfanin da a lokacin sana'arsa ita ce sayar da ɗakunan gwaji, ya ga an yi wa wani abokin aikinsu rajistar waya ta biyu domin karɓar lambar shiga. Aka kira mutumin aka tambaye shi, ya ce ba shi ba ne. Daga wannan kira aka bi zare har zuwa Orion, kamfanin ya sanar da duniya a watan Disamba.

Irin haka ta sake faruwa a ƙarshen Maris na 2024. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana neman yardar mai kula da xz, wata 'yar manhajar matse fayiloli da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai tsarin Linux, har ya dasa ƙofar baya a zubi na 5.6.0 da na 5.6.1. Ƙofar tana duba yanayin da aka tayar da ita, ba ta buɗewa idan ta ga alamun ana bin sawunta. Andres Freund, injiniya a Microsoft, yana auna saurin wani aiki nasa sai ya lura shiga kwamfuta daga nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, furosesa kuma tana wahalar da babu dalilinta. Bai ɗage kafaɗa ya wuce ba, ya yi ta tono har ya kai ga tushen, ya wallafa abin da ya gano ranar 29 ga Maris, kafin gurɓataccen zubin ya isa manyan fitowar Debian da Red Hat da sabobin duniya ke dogaro da su. Freund ba ma'aikacin tsaro ba ne, aikinsa a kan rumbun bayanai na PostgreSQL yake. Mai kula da xz na asali kuwa, Lasse Collin, ɗan sa-kai ne da ba a biyansa albashi a kan aikin, wanda tun 2022 ya rubuta a fili cewa nauyin ya fi ƙarfinsa.